Ranar da Na Rufe Idon Hagu

Aikin gandun daji nike yi a Mayahi a shekarar da aka ce duk mai riƙe bindiga a cikinmu sai an sake yi mashi horon harbi. Aikinmu tsaron itace ne: goribar gulbi, gawon da ke cikin gonaki, da masu saran sabara su ɗora a amalanke su kai gari. Bindigar kuwa ratayawa kawai muke yi don a gan ta. Ni dai tun da na fito daga horon farko ina saurayi ban sake jan kunamarta ba, sai gogewa da sa mai. Amma hanyoyin daji sun fara lalacewa a wasu wurare, manya suka ga bai kamata a bar mutum yana yawo da makamin da hannunshi ya manta ba. Aka tsara mu riƙa haɗuwa a Tasawa kowace Asabar da Lahadi, mu na Mayahi da na can, tun daga farkon bazara har kafin ruwa ya sauka.

Wasu suka yi ta gunaguni an cinye masu hutu. Ni murna na yi. A horon farko ina cikin waɗanda ake kira gaba a ce wa saura su kalli yadda ake yi, kuma ban ɓoye wannan labarin ba. Na faɗa wa matata, na faɗa a majalisar shayi, na kuma cika kunnen abokin aikina da shi. Shi wannan abokin nawa mutumin Urafane ne, ƙato, mai saurin dariya. Tare muke fita sintiri, kuma ni nike ɗaukar shi a moto, wato babur, zuwa Tasawa, domin tashi ta daɗe a wajen mai gyara.

Filin harbin yana can bayan gari, inda gonaki suka ƙare, a gindin wani dogon tudun rairayi. An kafa jan ƙyalle a kan sanda, an kuma aika wa makiyaya su janye dabbobinsu daga wannan gefen. Wanda aka kawo ya koya mamu wani tsohon ajudan ne na soja, gajere, siriri, ba ya ɗaga murya. In yana magana sai kowa ya yi shiru, don in ka yi motsi ba za ka ji shi ba, shi kuma ba ya maimaitawa. Satin farko ko harsashi ɗaya bai ba mu ba. Ƙarƙashin wani gawo muka wuni muna kwance bindiga muna ɗaurawa. Ya yi ta nanata mamu cewa bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da babu komi a cikinta, yatsa kuma ba ya shiga wajen kunama sai an ba da izini. Ni duk na ƙosa.

Asabar ta biyu aka fara harbi. An jera alluna farare a mita ɗari, kowane da baƙar da'ira a tsakiya. Muka kwanta rub da ciki a kan buhuna, kowa da jakar rairayi a gabanshi da zai ɗora hannu. Abokina yana damana. Ajudan yana tafiya a bayanmu, yana gyara wa wannan ƙafa, yana danna wa wancan kafaɗa.

Ya ce, "Ku manna kumatu a jikin itacen bindigar. Ku rufe idon hagu. Tsinin gaba ya zauna a tsakiyar tsagar baya, sannan ku ɗora shi ƙarƙashin baƙin."

Na manna kumatu. Na rufe idon hagu.

Allon ya ɓace. Ba allon kaɗai ba, tudun da ke bayanshi, da jan ƙyallen, da bindigar da ke hannuna, duk babu. Ba duhu ba ne irin na ɗakin da aka rufe, wani abu ne toka-toka, kamar an shafe komi da ruwan toka. Can gefe, wajen kunnena na dama, akwai ɗan siririn haske, a cikinshi nike ganin wani abu mai kama da takalmin abokina. Shi ke nan.

Na buɗe idon hagu da sauri. Ga allo, ga tudu, ga rana. Na ce a raina zufa ce ta shiga. Na goge da bayan hannu, na sake rufewa. Haka. Na ce to ko rairayi ne ya toshe tsagar, na hura ta, na sake gwadawa. Haka. Sai na ɗaga kaina gaba ɗaya daga kan bindigar, na kalli sararin sama, na rufe idon hagu. Sama ma babu.

Ajudan ya ba da izinin harbi. Dama da hagu aka fara, kunnuwana suka toshe. Ban san me zan yi ba. Abin da ya zo mani shi ne kada a gama a tarar da harsasaina cif. Sai na karkato da kaina, na tsallake da fuskata bisa gindin bindigar har idon hagu ya samu tsagar, na harba. Itacen ya dake ni a hanci, hawaye suka zubo. Haka na ƙarasa.

Da aka ba da izinin tashi muka taka zuwa alluna. Nawa rami ɗaya gare shi, can ƙasa wajen kusurwa. Abokina ya zo ya tsaya, ya duba allon, ya dube ni, sai ya riƙe ciki.

"Wannan ne gwanin da ake kira gaba? Wallahi da ka bari na harba maka."

Na ce, "Kawalwalniya ce. Ba ka ga yadda ƙasa ke rawa ba?"

Ya ce, "To ai tare muke a ƙasar."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ajudan ya zo ya sa alli ya kewaye ramin, ya kalli hancina da ya fara kumbura, ya wuce.

A Tasawa muke kwana, a farfajiyar biro, wato ofishinmu na can. Da yammar nan ban ci abincin kirki ba. Wajen alwala na rufe idon hagu, butar ta ɓace. Muna zaune ana fira na yi kamar ina sosa gira, na rufe, mutanen suka ɓace, sai muryoyinsu. Na shiga bayan gida na ɗauki hoton fuskata da waya na duba. Idanu biyu lafiya lau, babu ja, babu fari, babu kumburi. Ba ya mani ciwo, bai taɓa mani ciwo ba. Na ce wataƙila rana ce ta buge ni, in na yi barci zai washe. Da na farka da asuba, kafin in yi ko salati, abin da na fara yi ke nan. Bai washe ba.

Ranar Lahadi aka ja mu baya zuwa mita ɗari uku. Daga nan allon ya koma kamar ɗan akwatin ashana. Ajudan ya nuna mamu yadda ake ɗaga ma'aunin baya saboda nisa, ya ɗebi ciyawa ya sake ta mu ga inda iska ke kaɗawa. Ya ce a wannan nisan in numfashinka ya motsa ka kaɗan, can gaba ka bar allon baki ɗaya. Ina jin shi kamar daga cikin rijiya. Na san ya kamata in ɗaga hannu in ce ba ni iyawa, amma bakina ya ƙi. Na sake karkato da kai kamar jiya, na ga wani farin abu yana rawa, na harba.

Allona ko ƙwarzane babu. Na abokina kuwa, da ya ƙirga ramukan, sun fi harsasan da aka ba shi. Ya ɗaga hannu sama yana kiran mutane su zo su gani.

"Jama'a, ga zumunci! Ya ga ina fama, ya kawo mani gudummawa!"

Wannan karon ajudan bai bari dariyar ta yi nisa ba. Ya ce kowa ya koma inuwa. Ya karɓi bindigata, ya kwanta a wurina, ya harba uku a natse. Ya aika aka dubo, duka suna cikin baƙin. Ya cire gidan harsashi, ya duba cikinta, ya ajiye. Sannan ya yafuto ni muka zagaya bayan motar da ta kawo alluna.

Ya ce, "Bindigar lafiyarta lau. Jiya na ga yadda kake kwanciya. Wa ya koya maka harbi da kai a karkace?"

Na ce, "Babu, mon ajudan."

Ya miƙo hannu ya rufe mani idon hagu da tafinshi. Har yau ina tuna warin man bindiga a hannun nan.

"Yatsa nawa na ɗaga?"

Na ƙura idon dama ina neman hannun.

"Yatsa nawa?"

Na ce, "Mon ajudan, ko hannun ban gani ba."

Ya sauke tafinshi. Ashe ɗayan hannun nashi na dab da fuskata, yatsu a buɗe, da na ɗan matsa da na taɓa su da hanci. Na ga fuskar mutumin nan da ba ya nuna komi ta canja. Ya yi salati a hankali.

"Tun yaushe?"

"Jiya."

Ya ce, "Jiya ka sani. Ba jiya ya fara ba." Sannan ya ce, "Kuma ka kwanta a layina da harsashi, mutum yana damanka, ba ka ganin shi. Da ya tashi ya gitta fa?"

Sai a lokacin abin ya zo mani, na zauna a kan tayar motar. Bai ƙara mani faɗa ba. Ya tambaye ni wa ke tuƙa moto tsakanina da abokina, na ce ni. Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ya ce kada in sake zuwa filinshi sai likitan ido ya gan ni.

Abokina ne ya tuƙa mu zuwa Mayahi. Ni kuma ina baya ina kallon hanya, ina tunanin sau nawa na bi ta a guje, da shi a bayana, da matata, da yarana, rabin hanyar ba na ganin ta kuma ban sani ba. Sai da muka tsaya shan esansi a gidan mai ya juyo.

"Ka yafe mani dariyar nan. Wallahi ban sani ba."

Na ce, "Ni mai idon ma ban sani ba."

Na tarar da matata a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na zauna kusa da ita na faɗa mata kamar yadda ya faru. Da farko ta ɗauka wasa ne, don ta san yadda na cika baki kafin in tafi. Ta goge hannu a zane, ta rufe mani idon hagu, ta ce in faɗi abin da ta ɗauko. Na ce ban gani ba. Na ji ƙarar faranti ya faɗi ƙasa.

Ta daɗe tana kallon idon. Sannan ta fara lissafo mani abubuwa.

"Shi ya sa kake bugun ƙofar zaure da kafaɗa. Ko yaushe kafaɗar dama. Shi ya sa in kana zuba shayi yake sauka a gefen kofi. Tela na bakin titi ya aiko matarshi ta tambaye ni ko ya yi maka laifi, ya ce kana wucewa ya ɗaga maka hannu ka ƙi kallon shi. Da akuyar da ka buge bara, ka ce daga sama ta faɗo."

Na ce, "Don me ba ki faɗa mani ba?"

Ta ce, "Malam, me zan faɗa? Na ɗauka tunanin aiki ne ya yi maka yawa."

Abin da ya fi gigita ni ke nan. Duk abubuwan nan na san da su, ɗaya bayan ɗaya, kowane na ba shi dalilinshi na wuce. Ƙofa ta yi ƙunci, kofi ya yi ƙanƙanta, akuya ba ta da hankali. Mutum da shekara arba'in da ɗoriya, yana aske gemu a madubi kowace safiya, a ce ido guda ya mutu a fuskarshi bai ji ba.

Cikin satin nan muka shiga mota zuwa Maraɗi, ni da ita. Wajen likitan ido cike yake da tsofaffi, wasu an riƙo masu sanda, wasu da auduga manne a fuska. Na zauna cikinsu da kakina, ina jin kamar na ɓata hanya. Likitar mace ce, babba, mai magana kai tsaye. Ta sa na karanta haruffa a bango. Ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura da ke huro iska cikin ido. Daga nan aka kai ni wani ɗaki, aka ba ni wani ɗan abu in riƙa dannawa duk lokacin da na ga ƙyallin haske. Da idon hagu na yi ta dannawa. Da aka koma na dama, na zauna ina jira a fara, sai mai aikin ya ce an gama.

Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Ta yi mani bayani cewa akwai ruwa a cikin ido da ke shiga yana fita, in hanyar fitar ta toshe sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani, yana cin ta daga gefe, a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo. Ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwanshi asiri, shi ya sa mutum ba ya farga.

Na ce, "To yanzu aiki za a yi ko magani?"

Ta ce, "Na dama ya tafi, Malam. Abin da ya mutu a jijiyar ba ya dawowa, ko ina ka je. Kada wani ya ce maka zai dawo da shi."

Matata ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Likitar ta ci gaba, "Na hagu nike so mu yi magana a kai. Shi ma ya fara."

Ban ji abin da ta faɗa bayan wannan ba, sai da ta maimaita. Ta ce an tare shi da sauran dama. Akwai maganin ɗigawa safe da yamma, ba na wata ɗaya ba, ba na shekara ba, har iyakar rayuwa, kuma in riƙa dawowa ana aunawa. Sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu.

Na ce babanmu, amma shi tsufa ne.

"Yaya ya fara?"

Na fara tunawa ina faɗa mata. Babanmu bai tsufa sosai ba lokacin. Ya fara da tuntuɓe da turmi, da taka kwanon abinci, yana faɗa wa ya ajiye a hanya. Daga baya in za ka gaishe shi sai ka zo ta gabanshi sak. An kai shi wajen masu magani, an sa mashi kwalli iri-iri, an yi rubutu ya wanke fuska. Ya rasu ba ya ganin komi, mu kuma muka ce haka Allah ya rubuta mashi, ba mu taɓa tunanin abin yana da suna ba.

Ta ce, "Yana bin jini. Duk wanda kuke uba ɗaya, ka kawo mani shi. Yaranka ma in sun girma."

Asabar ta gaba na koma Tasawa, a bayan abokina. Na sami ajudan kafin a fara, na faɗa mashi abin da likita ta ce. Ya saurara har ƙarshe. Da aka jeru, kafin ya raba harsashi, sai ya ce kowa ya ajiye bindiga ya fuskanci tudu.

"Ku rufe idon hagu da hannu. Ku kalli jan ƙyalle. Yanzu ku rufe na dama."

Maza sama da ashirin a tsaye cikin rana, kowa da hannu a fuska. Babu wanda ya yi dariya. Wani ya yi, ya sake yi, ya sake yi. Ba a samu kowa da irin nawa ba, alhamdu lillahi, amma ranar ko wajen cin abinci surutu bai tashi ba.

Na zaci zai ce in koma gida. Sai ya kai ni ƙarshen layi ta dama, inda babu kowa a gefen da ba na gani, ya ce in mayar da bindigar kafaɗar hagu. Na koma kamar wanda bai taɓa riƙe ta ba. Hannun da ya saba tallafe ta shi ne a kunama, wanda ya saba jan kunama yana can gaba. Ita kuma bindigar ta dama take tofar da kwanson harsashi, don haka duk harbi sai kwanson ya gitta ta gaban hancina. Wani da zafinshi ya faɗa mani cikin wuyan riga, na zabura. Ajudan ya danna ni ƙasa da tafin hannu.

"Ƙuna ce kawai. Bakin bindiga gaba."

Sati bayan sati haka muka yi. Saura suna can suna gasa a nesa, ni ina mita ɗari kamar sabon shiga. Ya kan tsuguna kusa da ni ya ce in saki rabin numfashi in riƙe saura, in matsa kunamar a hankali har harbin ya zo ba tare da na san lokacin ba. Da farko ina samun allon, daga baya na fara samun baƙin. A Lahadin ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya mayar da ni mita ɗari uku. Cikin biyar na sa uku a allo, ɗaya a gefen baƙin. Abokina ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Ni ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ina kallon allon ina tunanin da wannan idon guda nike ganin shi, kuma shi ma an ce ya fara.

Ajudan ya faɗa mani gaskiya kafin mu rabu. Ya ce harbina ya isa, amma zai gaya wa shugabana kada a sake tura ni sintiri, domin daji ba ta gaba kaɗai yake zuwa wa mutum ba. Na ji zafin maganar, na kuma san haka ne. Aka mayar da ni pepiniyar, wajen rainon ƴan itatuwa, inda nike har yanzu. Na mayar da bindiga, moto kuma na bar wa ƙanen matata.

Sauran aikin shi ne ƴan'uwana. Ƙanwata da ke aure a Tasawa ba ta yi gardama ba, ta je, aka ce nata lafiya, ta dai riƙa dawowa. Yayanmu ne matsala. Shi ya gaji gonar babanmu a wani ƙauye kusa da Korgom, bai yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko bai shiga ba, kuma bai yarda da asibiti ba sai in mutum ya kasa tashi. Na same shi yana loda taki a amalanke. Na bari muka gaisa, muka sha fura, sannan na ba shi labari tun daga filin harbi har Maraɗi.

Ya kalli idona na dama ya daɗe. Ya ce, "Wannan? Ai ga shi yana kallona."

Na ce, "Ba ya ganin ka, Yaya."

Ya yi salati. Amma da na ce ya shirya mu je a duba shi, sai ya miƙe ya ɗauki shebur.

"Ni lafiyata lau. Ina ganin zare daga nan har bakin gona. In ma akwai, na fi so ban sani ba. Kai da ka sani, me ya ƙara maka? An karɓe maka bindiga, an karɓe maka moto."

Na ce, "An bar mani ɗaya idon."

Ya ci gaba da loda taki. Na shiga cikin gida na gaida matarshi, na daɗe muna fira. Da na fito zan tafi ban gan shi wajen amalanke ba. Na zagaya sai na hango shi bayan rumbu, ya ba ni baya, yana fuskantar wata aduwa can nesa. Ya sa hannu ya rufe ido ɗaya. Ya sauke, ya rufe ɗayan. Ya sake komawa na farko, ya daɗe a haka. Na tsaya inda nike har ya juyo ya gan ni.

Ya tako a hankali, ya rage murya don kada a ji daga cikin gida.

"In ɗaya ya fi ɗaya hazo, shi ne?"

Na ce ban sani ba, likita ce za ta faɗa. Ya ce to sai bayan shuka. Na ce a'a, kafin shuka. Ya ce ruwa ba ya jiran mutum, ya koma wajen jakinshi.

Bayan shukar ya je, ni na raka shi. Shi ne, a idanu biyun, amma duka da sauran gani mai yawa. Da likitar ta faɗa mashi, sai ya cire hularshi ya riƙe a hannu har muka fito. Yanzu matarshi ce ke ɗiga mashi maganin, tana ajiye kwalbar a gindin randa inda ke da sanyi. In damina ta yi nisa aiki ya yi yawa yana tsallakewa, sai ta kira ni a waya ta haɗa ni da shi mu yi ta gardama.